Soyayyar da Ke Kwance a Hanyar Gabas

A kantunan littattafai na Amurka da Ingila akwai wani rukunin labaran soyayya da ake gane shi tun daga bango: ƙaton namiji ƙirji a waje, gashi har kafaɗa, takobi a hannu, ya ɗaura zanen nan mai ratsi-ratsi na mutanen tsaunukan Sikotlan, ga mace ta jingina da shi, can baya kuma ganuwar dutse ko jirgin ruwa mai kan dodo. Masoyin ko dai shugaban dangi ne a Sikotlan, ko basaraken Wels, ko ɗaya daga cikin 'yan Baikin, maharan tekun nan na Nowe da Denmak da suka fara addabar gaɓar Ingila da harin Lindisfarne a 793. Mata ne mafi yawan masu rubuta su, mata ne mafi yawan masu saye. Mai ilimi kan taɓe baki idan ya gan su, kamar yadda aka daɗe ana taɓe wa littattafan soyayyarmu na Kano baki. Ni kuwa ina ganin sun yi wa ƙasashen nan wani aiki da namu ba su yi mana ba tukuna: sun ɗauko tarihi daga hannun malamai da 'yan jarrabawa, sun miƙa shi ga matar da ke karatu bayan ta gama girki. Kuma babu inda rashin wannan aiki ya fi fitowa fili kamar Njamena, inda mutumin unguwar Sabangali ke kwana yana tashi a bakin kogin Shari, a kan hanyar da dubban Hausawa suka bi da ƙafa, amma da wuya ya ci karo da labarin soyayya na Hausa da ya faru a kanta.

Abin lura game da Sikotlan shi ne, ba nasararta aka mayar labari ba, kayenta ne. A ranar 16 ga Afrilu 1746 sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe dangogin tsaunuka a filin Culloden cikin ƙasa da awa guda, aka biyo baya da dokar da ta hana su sa tufafinsu na gargajiya har zuwa 1782. Walter Scott ya fitar da Waverley a 1814, ya ƙirƙiro wani matashin sojan Ingila da ya faɗa cikin tawayen da ya ƙare a Culloden, zuciyarsa ta rabu tsakanin mata biyu da ɓangarori biyu. Shekara takwas bayan haka, Sarki George na huɗu ya ziyarci Edinburgh sanye da tufafin da aka taɓa haramtawa, kuma Scott ne ya shirya bikin. A 1991 wata Ba'amurkiya, Diana Gabaldon, wadda ba ta taɓa taka Sikotlan ba lokacin da ta rubuta shi, ta fitar da Outlander. Da aka mai da shi shirin talabijin a 2014, baƙi suka yi ta tururuwa zuwa Culloden, har ƙasar da ke kewaye da dutsen kabarin dangin Fraser ta zaizaye saboda takun masu ajiye furanni, domin jarumin littafin ɗan wannan dangi ne. Mutumin da ake yi wa furen bai taɓa rayuwa ba, amma waɗanda ke kwance a filin sun rayu, kuma ta dalilinsa aka san da su. Haka Sharon Kay Penman ta yi wa Wels a 1985 da Here Be Dragons, labarin auren siyasa tsakanin Llywelyn, sarkin Gwynedd, da Joan, 'yar Sarki John na Ingila: matar da ta tsaya tsakanin uba da miji masu gaba da juna, aka kama ta da wani a 1230, aka rataye shi, mijin ya mai da ita ɗakinta bayan shekara guda, da ta rasu a 1237 kuma ya gina wurin ibada inda aka binne ta.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen rubuta so. Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar Zariya ta 1933, labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Kowannensu ɗan siririn littafi ne a takarda mai arha, na ɗaya da na biyu da na uku, shafin farko cike da gaishe-gaishen ƙawaye, yana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki har bangonsa ya yage. Waɗannan marubuta sun yi jarunta: sun tona maganar auren dole da kishi da sakin wulaƙanci a lokacin da ba a son ji. Sai dai kusan dukan labaran suna faruwa ne yau, tsakanin falo da makaranta da gidan Alhaji. Idan kuma marubuci ya yi marmarin zamanin da, sai ya tsallake ƙasarmu gaba ɗaya ya gina wani birni na Larabawan tatsuniya, da matsafa da aljanu da sadaukai masu sare mutum dubu. Kasuwar irin waɗannan littattafan yaƙi ta nuna cewa mai karatu na son doki da takobi da fada. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: doki da takobin gaske suna nan a tarihinmu, ba mai taɓa su.

A duba abin da ya faru a yankin da Sabangali ke zaune. A 1893 Rabeh ya ci Barno, ya ƙone Kukawa, ya kafa fadarsa a Dikwa. Cikin waɗanda suka mara masa baya akwai Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya bar Sakkwato ya zauna a Balda cikin ƙasar Adamawa yana kira zuwa ga Mahadin Sudan. An ƙulla amanar da aure, Hayatu ya auri Hawwa 'yar Rabeh. Da zama ya yi tsami ya nemi ficewa daga Dikwa, sai Fadlallah, ɗan'uwan matarsa, ya bi shi da mayaƙa, aka kashe shi. Ga mace tsakanin uba da miji da ɗan'uwa, daidai inda Joan ta Wels ta tsaya, a nan kusa da mu. Bayan 'yan shekaru, ranar 22 ga Afrilu 1900, Rabeh da kwamandan Faransa Lamy suka mutu rana ɗaya a yaƙin Kusuri, garin da yau ake shiga daga Njamena ta gadar Ngeli, kuma a shekarar aka kafa Fort-Lamy, sunan da Njamena ta riƙe har 1973. Ɗan makaranta a Chadi ya san waɗannan ranaku. Abin da littafin makaranta ba ya faɗa masa shi ne halin da matan bayin Rabeh da na sojojinsa suka shiga washegarin yaƙin, wa ya gaje su, wa ya gudu da wa.

Amma a ganina taskar da ta fi wannan girma ita ce hanyar gabas kanta. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran har bakin Nilu a Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Daga nan har zamanin jirgin sama, alhazai sun yi ta bin wannan hanya: Barno, Fort-Lamy, Ati, Abeshe, Darfur, har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, domin guzuri kan ƙare. Sai a sauka a zango, miji ya kama wanzanci ko ɗinkin hula ko koyar da allo, mata ta kafa kaskon ƙosai ko ta dama fura, ana tara kuɗin zango na gaba kwabo-kwabo a ƙullin zane. Wani ya mutu a hanya ya bar amarya cikin mutanen da ba ta jin harshensu. Wani ya bar budurwa a Katsina da alkawarin shekara biyu, ya yi goma sha biyu. Wata ta haihu a Abeshe, 'yar ta tashi da Larabcin Chadi a baki, ta ƙi bin iyayenta gaba saboda wani ɗan gari. Masanin tarihi John Works ya rubuta littafi guda a 1976 a kan al'ummomin Hausawan Chadi, ya nuna yadda da yawansu suka samo asali daga matafiyan da suka yada zango ba su ƙara gaba ba. Duk abin da labarin soyayya ke buƙata yana nan: rabuwa, alkawari, baƙunta, saɓanin harshe, da tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi, wato tsakanin niyyar da mutum ya ɗauka ta zuwa Ɗakin Allah da wanda zuciyarsa ta kama a hanya, wanne zai jira wanne.

Za a ce wannan aron al'adar Turawa ne. Wannan suka ba ta da nauyi. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam cike take da labaran da aka ɗebo daga Larabawa da Indiya da Turai, kuma ba Bahaushen da ke jin ta baƙuwa. Ballantana ma labarin asalinmu kansa, na Bayajida, labarin baƙo ne da ya auri 'yar sarkin Barno, ya gudu, ya bar ta da ciki a hanya, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniyar Daura. Mun daɗe da sanin cewa ta bakin aure ake ba da tarihi.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: irin waɗannan littattafai suna yi wa tarihi ƙarya, kuma mu magabatanmu malamai ne da sarakuna da jikokinsu ke raye, ba a wasa da mutuncinsu. Ƙaryar gaskiya ce. Hular ƙarfe mai ƙaho da ake zana wa 'yan Baikin ma masu zane da masu shirya wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka yayata ta. Kuma wanda ya tuna yadda aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano a 2007 ba zai yi wa marubuciya fatan ta sa wa 'yar Shehu kalaman so a baki ba. Sai dai Scott ya riga ya nuna mafita: manyan tarihi su tsaya daga nesa, a gan su suna wucewa bisa doki, masoyan kuwa su zama talakawan da marubuci ya ƙirƙira, ɗan madugu da 'yar mai masauki, almajiri da bazawara. Ta haka ba a taɓa mutuncin kowa ba, kuma gaskiyar zamanin ta fi fitowa, don talaka ne ya fi sanin farashin gero a shekarar yaƙi. Kayan aiki ma akwai. Baba ta Karo ta zauna da Mary Smith a 1949 da 1950 ta kwashe yadda ake neman aure da ƙawance da zaman kishiya kafin zuwan Turawa. Dorugu, yaron da ya bi Baturen matafiyi Barth har Turai, ya bar labarin rayuwarsa da Hausa. A unguwannin Hausawan Njamena da Abeshe kuma akwai tsofaffin da suka ji labarin tafiyar daga bakin waɗanda suka yi ta, kuma ba za su dawwama ba.

Inda nake ganin dole mu raba hanya da Turawan shi ne maganar bauta. Wani kaso na labaran Baikin an gina shi ne a kan kamu: a Fires of Winter na Johanna Lindsey, na 1980, an kwaso jarumar a hari an mai da ita baiwa, ƙarshe ta so ubangijinta. Abin da ke bayan wannan ba abin sha'awa ba ne. Binciken jinin mutanen Aisland ya nuna fiye da rabin matan da suka kafa al'ummar daga Ailan da Sikotlan suka fito, alhali yawancin mazan daga Nowe suke, kuma da wuya a ce duk da son ransu suka je. Shekara dubu ta ba marubutan can damar shafa wa abin zuma. Mu ba mu da wannan nisa. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya, kuma har yau akwai gidajen da ake fasa aure saboda an tono asalin kaka. Marubuciyar da za ta rubuta kuyangar da ta narke a son wanda ya ƙone garinsu ta ci amanar matan da abin ya faru a kansu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna hanya tun a Shaihu Umar, inda ya bi uwar da ta fita neman ɗanta da aka sace, ita ma ta faɗa bauta, ba ta sake ganinsa ba sai dab da ajalinta. Ana iya rubuta so a cikin irin wannan duniya, amma so ne na bawa da baiwa da ke tara kuɗin fansar kansu, ko na mijin da ya sayar da gona don ya karɓo matarsa daga hannun mahara, irin fansar da Baba ta Karo ta ba da labarin an yi a danginta.

Saura maganar kasuwa. A Chadi da Faransanci da Larabci ake karatu, don haka Bahaushen Njamena na iya jin Hausa sarai amma karatun bokonta ya yi masa nauyi, kuma littafin takarda na Kano ma ya ja baya. Amma labarin soyayya ya riga ya koma waya: ana sayar da shi babi-babi a WhatsApp, ana karanta shi da murya a YouTube, mai sauraro ba ya buƙatar sanin ƙa da ɗa. Labarin da ya tashi daga Kano ya ratsa Dikwa da Fort-Lamy da Abeshe ya ƙare a Mai Wurno yana da masu jira a ƙasashe huɗu ko biyar, kowannensu da kakan da ya bi wani yanki na hanyar. Aikin da ke gaban marubuciyar shi ne ta san da wane kuɗi ake ciniki a Abeshe a 1920, kwana nawa ayari ke yi daga Shari zuwa Ati, da wane harshe 'yar Bagirmi za ta amsa sallamar Bakatsine, ta kuma je ta zauna gaban tsofaffin da suka rage da na'urar ɗaukar murya.