Ɗan Kifin Teku A Cikin Ɗaki

A bakin tekun Ingila akwai wani ɗan kifi da ake kira bileni. Bai cika wuce tsawon tafin hannu ba, yana zama a ramukan duwatsu. Namijin ne ke gadin ƙwai har su ƙyanƙyashe.

Waɗansu Turawa sukan ajiye shi a gida cikin akwatin gilas. Wani Kirista masanin halittu, Philip Gosse, ya yaɗa irin wannan kiwo da littafinsa na 1854.

Amma aikin ba wasa ba ne. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ba ya yi, sai wanda aka haɗa musamman. In zafi ya rage ruwan, gishirin yana nan, saboda haka ruwan daɗi ake ƙarawa. In aka yi sakaci, gishiri ya yi yawa, kifin ya mutu. Dole kuma a rufe akwatin, gama yakan yi tsalle ya faɗo.

Mu masu kiwon kaji da awaki, mu lura. Dabbar da muka tsare ba ta iya nema wa kanta kome. Amana ce Allah ya ba mu. Bari mu koya wa 'ya'yanmu riƙonta.