Kuben Haƙori Da Na'ura Mai Hangen Ciwo

Jama'a, zamani ya kai ana gyara haƙoran da suka hau juna, ko suka turo waje, ba tare da an ɗaure su da waya ba. Wani kamfani na Amurka, Align Technology, wanda aka kafa cikin 1997, shi ya yaɗa dabarar da sunan Invisalign. Kube ne na roba, garai-garai kamar gilashi, wanda a ke ƙerawa daidai bakin mutum. A kan sa shi awa 20 zuwa 22 kullum, a sake sabo bayan mako ɗaya ko biyu. Kowane kube yana gusar da haƙori misalin rubu'in milimita.

To, amma haƙori ba ya barin mazauninsa da daɗin rai. Ciwo ya kan tsananta cikin kwana ɗaya ko biyu na farko, sa'an nan ya lafa kafin mako ya zagayo. Wanda bai shirya wa wannan ba sai ya tuɓe kube ya ajiye, haƙora su koma gidan jiya, kuɗi masu yawa su salwanta.

Saboda haka masana suka shiga koya wa na'ura mai ƙwaƙwalwa hangen wannan ciwo, da dabarar nan da a ke kira ƙirƙirarriyar basira. Ana zuba mata labarin waɗanda aka riga aka yi wa aiki: shekarunsu, cunkoson haƙoransu, nisan da aka gusar da su, da yawan zafin da kowa ya ce ya ji, daga sifiri zuwa 10. In sabon mutum ya zo, sai ta gwada shi da na baya, ta ce wannan zai wahala, ko kuwa zai sami sauƙi. Nan likita zai sassauta tafiyar haƙoran, ya tanadi magani, ya kuma gargaɗe shi tun da wuri.

Ga fa inda gizo ke saƙa. Na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka gaya mata. Mu kuwa, a ce mutumin Wudil ya tafi Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likita ya tambaye shi, "Yaya bakin?" Ko bai runtsa ba jiya, cewa zai yi, "Da sauƙi." In aka rubuta wa na'ura wannan, lalle za ta ɗauka mu ba mu jin zafi, ta yaudari likitan gobe. Haka kuma na'urar da ta yi karatu a bakin Turawa ba ta san goro da rake ba, balle ta san wushirya ado ce a wurinmu, ba aibin da za a toshe ba.

Muna da abin yi a hannu. A Wudil akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha, wadda ta fara aiki cikin 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote cikin 2022. Muna kira ga ɗalibanta masu ilmin kwamfuta su haɗa kai da likitocin haƙori na Kano, a tara labarin mutanenmu da yardarsu, a kuma ɓoye sunayensu.

Kai kuma mai karatu, in ka zauna gaban likita, ajiye jarumtaka a ƙofa, ka faɗi gaskiyar abin da ka ke ji. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Allah ya ba mu lafiya, amin.