Abin da gwamnati ke nema a wurin mai riƙe fayil

Kowace ma'aikatar gwamnati a Najeriya tana da ofishin rajista, inda wasiƙu ke shiga kuma fayiloli ke kwana. Galibi kashi biyu ne: na fili mai riƙe takardun yau da kullum, da na sirri inda ake kulle fayilolin ƙarin girma, ladabtarwa da makamantansu. Ƙananan akawuna kan shiga aikin da shaidar sakandare ko difloma. A manyan muƙamai kuwa an fi son masu digiri a fannin laburare da sarrafa bayanai, irin wanda ake koyarwa a jami'o'in Ahmadu Bello, Bayero da Ibadan.

Sai dai takardar shaida ba ta nuna ko mutum mai bin diddigi ne, alhali kuwa a nan aikin yake. Wasiƙa ta iso, a buga mata hatimin ranar karɓa, a shigar da ita littafi, a soke ta a fayil ɗin da ya dace, a rubuta lambar shafi a kusurwar sama. Idan masinja ya ɗauki fayil zuwa teburin darakta, dole a rubuta wanda ya karɓa da ranar. Akawun da ya tsallake wannan layi ɗaya, shi ne mafarin "ba a ga fayil ba", maganar da ta sa tsofaffi da dama zarya kan kuɗin fansho.

Bayan wannan sai amana, wadda ta fi komai wuyar aunawa a ganawar minti goma. Dokar aiki ta ce ma'aikaci ya yi ritaya idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ke nan ranar haihuwar da ke cikin fayil dukiya ce, kuma ba a rasa mai son a rage masa shekara biyu da ɗan abin goro. Shi ya sa ake rantsar da ma'aikacin kan riƙe sirri, ga kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 a kansa.

Riƙe sirri ma ba shi ne rufe komai ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai neman bayani, ta kuma mai da lalata takarda ko sauya ta da gangan laifin da ke kai mutum gidan yari. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta tsaurara kan bayanan mutane. Ana son wanda ya san abin da zai bayar da abin da zai hana.

Iya kwamfuta yanzu ya zama tilas, tun da aka soma tsarin albashi na IPPIS a 2007 kuma ma'aikatu ke mayar da fayiloli cikin na'ura. Amma takardar da aka soke a fayil ɗin da ba nata ba, ko an ɗauki hotonta, ɓatacciya ce.

Akwai kuma sanin ƙarshen fayil. Dokar Adana Takardun Tarihi ta 1992 ta hana hukuma lalata takardunta ba tare da izini ba. Waɗanda suka cancanci ajiya ana miƙa su ga Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954, mai rassa a Kaduna da Inugu. Kafin su kai can, aikin mai rajista ne ya kare su daga gara, yoyon damina da ƙurar hunturu.