Shin harsashin ƙaramar bindiga na kayar da mutum nan take?

A fina-finan Amurka da na Indiya, da zarar an harbi mutum da ƙaramar bindiga sai a ga ya tashi sama ya faɗi can baya.

Masana kimiyya dai na cewa hakan ba ya yiwuwa. Harsashi mai milimita 9 nauyinsa kimanin giram 8 ne, kuma da yana da ƙarfin wurgar da mutum, to da bindigar ta tunkuɗe mai harbin shi ma.

Ranar 11 ga watan Afrilun 1986, jami'an hukumar FBI sun yi musayar wuta da wasu 'yan fashi biyu a birnin Miami. Tun da farko harsashi ya ratsa damtsen ɗayansu, Michael Platt, ya shige ƙirjinsa, ya tsaya dab da zuciya. Raunin na ajali ne, amma bai hana shi ci gaba da harbi ba, har ya kashe jami'ai biyu.

Bayan wannan artabu ne hukumar ta gindaya ƙa'idar cewa dole harsashin jami'anta ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren haɗi mai kama da tsokar ɗan Adam. Wato abin dubawa shi ne inda harsashi ya samu, da zurfin da ya kai.

Akwai kuma masu ɗaukar cewa nisa na kashe kaifinsa. Wahalar saiti ce ta sa ba a cika harbi da ƙaramar bindiga fiye da mita 50 ba, amma harsashinta na iya wuce kilomita guda, kuma ya yi kisa a inda ya sauka.