Dalilin da ya sa Hausa ta zama harshen sujada a majami'un Kafanchan

A garin Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a a jihar Kaduna, akasarin masu zuwa coci ranar Lahadi ba Hausawa ba ne. Akwai Fantsuwam, da Bajju, da Atyap, da Ham, da mutanen Kagoro, kowa da harshensa na gado. Amma a majami'u da dama da Hausa ake wa'azi, da ita ake waƙa da addu'a. Tarihi ne ya kawo haka.

Tushe na farko shi ne layin dogo. A wajajen 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos. Ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga Kudu, musamman Ibo da Yarabawa, suka zauna a garin, kowa ya zo da ɗarikarsa. A 1933 kuma aka dawo da fadar Sarkin Jama'a zuwa Kafanchan. Da masallaci da coci duk tare suka girma, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da ke haɗa kowa.

Tushe na biyu shi ne aikin 'yan mishan na SIM, waɗanda suka buɗe tasha a Kwoi a 1910, daga baya suka kafa wata a Kagoro, kusa da Kafanchan. Da suka tarar da harsuna barkatai a yanki ɗaya, sai suka ɗauki Hausa wajen koyar da karatu da horar da masu wa'azi. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ƙara kafa wannan tsari. An kafa ikilisiyar ECWA a 1954, kuma har yau makarantarta ta tauhidi da ke Kagoro tana yaye fastoci. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda aka sani da anko da waƙoƙi da kiɗan tulu, ta kai Hausar coci har cikin gidaje.

Sauran ɗariku ma sun yi ƙarfi. Angalika ta ba Kafanchan dayosis a 1990, Katolika kuma a 1995, inda marigayi Joseph Danlami Bagobiri ya zama bishop na farko. Bayan rasuwarsa a 2018, Julius Yakubu Kundi ya gaje shi. Akwai kuma sababbin majami'u irin su Throneroom ta Emmanuel Nuhu Kure, da ke jawo baƙi daga nesa.

Sai dai harshe ɗaya bai hana rikici ba. A watan Maris na 1987 wata taƙaddama tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. An sake samun tashin hankali a 1999 kan naɗin sabon sarki, da kuma a 2011 bayan zaɓe. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi limaman coci: a Satumban 2023 ɗalibin limanci Na'aman Danlami ya rasu a gobarar da maharan suka cinna a gidan limamai na Fadan Kamantan.

Duk da haka, a nan ne aka sa hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan a Maris na 2016, tsakanin al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kachia, Kaura, Sanga da Zangon Kataf. A irin wannan zama na sulhu, fasto da limami da ardo ba sa bukatar tafinta.

Yanzu Hausar coci na fuskantar matsi daga ɓangarori biyu. Matasa sun fi karkata ga sujadar Turanci, abin da ya sa majami'u da yawa ke raba Lahadi gida biyu. Masu kishin harsunan gado kuma sun fassara Sabon Alkawari zuwa Jju da Tyap, don kada harsunan su ɓace. Kowane ɓangare na da hujjarsa. Abin lura dai shi ne, Hausa ce kaɗai ake ji a coci da masallaci da kasuwar Kafanchan baki ɗaya, kuma idan ta ja baya a majami'a, maƙwabta za su rasa ɗaya daga cikin hanyoyin da suke fahimtar juna.