Garin kalsiyam ba dabarar 'yan kasuwa ba ce

Sau uku saƙon nan ya shigo min a WhatsApp cikin mako guda, na ƙarshe daga ɗan yayata da ke karatu a Ingila. Ya sayi ɗan ƙadangare mai gemu, irin na Ostireliya da Turawa ke kiwo a akwatin gilashi, bai fi tsawon tafin hannu ba. Saƙon ya ce garin kalsiyam da fitilar UVB duk hanyar cin kuɗin mutane ce. Wai a ajiye akwatin kusa da taga, a ba shi ƙwari, shi ke nan. Har da tambayar gatse: ƙadangarun katangarmu wa ke barbaɗa musu gari?

Wanda ya fara turo shi zaurenmu na 'yan uwa dattijo ne da ko kaza bai taɓa kiwo ba, shi ya sa kowa ya yi gum. Ni ban ga laifin yaron ba. Tambayar tana da kama da hankali, kuma ɗalibi da ya ji an ce ga inda zai rage kashe kuɗi dole ya karkata kunne.

To, ƙadangaren katanga yini yake yi a rana, babu komai tsakaninsa da ita. Hasken UVB da ke cikin rana shi ne ke sa fata ta haɗa bitamin D3, kuma idan babu wannan bitamin hanji ba ya iya tsotsar kalsiyam daga abinci yadda ya kamata. Gilashin taga kuwa tare UVB yake yi. Ɗumi zai shiga, ɗaki zai yi haske, amma abin da ake nema yana waje. A kan wannan babu gardama.

Sai kuma abincin. Na katanga yana cin duk ƙwaron da ya gifta, shi kuwa na akwati gyare da fara ne kullum, kuma waɗannan fosfaras ya rinjayi kalsiyam a jikinsu nesa ba kusa ba. Ga dabbar da za ta tashi daga wajen santimita 10 zuwa 40 ko fiye cikin shekara guda, ƙashi take ginawa dare da rana. Idan kalsiyam ya yi ƙaranci a jini, jiki sai ya riƙa yagowa daga ƙashin. Da farko 'yan yatsu ne za su fara karkarwa. Daga nan muƙamuƙi ya yi laushi har ya kasa kama gyare, ƙafafu su lanƙwashe, ya koma jan ciki. Likitan dabbobi zai iya tsayar da cutar in an kai da wuri, amma ƙashin da ya karkace yawanci haka zai zauna.

Maganin ba wuya. A zuba ƙwarin a leda da ɗan garin, a girgiza, a ba shi. A ciyar da ƙwarin da ganye tukuna, don abin da ke cikinsu shi ma abinci ne. Masu kiwo sun saɓa kan ko sau nawa za a barbaɗa a mako, amma ga ƙarami kusan kullum ake yi. Fitilar kuma a canza ta bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta, ko da tana ci gaba da haske, domin UVB ɗin ne ke fara mutuwa kuma ido ba ya ganin haka.

Sauran maganganun saƙon ba su kai a ɓata musu lokaci ba. Wai latas ya ishe shi: latas kusan ruwa ne zalla, kuma ƙarami ƙwari ne mafi yawan abincinsa, sau biyu ko uku a rana, sai ya girma ganye zai rinjaya. Wai babban ƙwaro ya fi sa ƙiba: kada ya wuce faɗin tsakanin idanunsa, in ba haka ba yana iya toshe masa ciki. Abu ɗaya saƙon ya faɗa daidai, cewa ƙwaron nan mai walƙiya da dare guba ne, an sha ganin guda ɗaya ya kashe irin wannan ƙadangare a Amurka.

Na kira yaron ta bidiyo na ce ya nuna min akwatin. Yana nan jingine da taga, fitilar kuma tana cikin kwalinta a kan teburin karatu, ashe yana shirin mayar da ita kanti ne a ba shi kuɗinsa.