Masallaci da Sauro: Gaskiya da Ƙarya Kan Yawon Kalmomin Addini

Akwai wani saƙo da ya ƙi mutuwa a WhatsApp da Facebook. Yakan ɓace na ɗan lokaci, sai azumi ya ƙarato a sake ganinsa, a ƙasa an rubuta a tura wa 'yan uwa Musulmi. Abu uku yake gargaɗi a kai. Kada a kira masallaci mosque a Turanci, wai daga sunan sauro aka ciro kalmar. Kada a rubuta Mecca, wai ma'anarta gidan giya. Kada a taƙaita sunan Muhammad zuwa Mohd, wai yana nufin kare mai babban baki. Masu turawa kishin addini ne yake sa su, wannan ba a musu. Amma duka ukun babu wanda yake da tushe.

Na sauron ya fi yin nisa, domin an yi masa labari mai daɗin ji. Wai Sarki Ferdinand na Sifaniya, wanda ya karɓe Granada daga hannun Musulmi a 1492, ya ce zai murƙushe su kamar sauro, daga nan aka laƙa wa wurin ibadarsu sunan. Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya rushe wannan. An haifi Ferdinand a 1452, alhali kalmar mezquita tana cikin rubuce-rubucen Sifaniyanci ɗaruruwan shekaru kafin nan. Asalinta masjid ne, wato wurin sujada. Mutanen Andalus suka lanƙwasa ta yadda bakinsu zai iya, Italiyawa suka ce moschea, Faransawa suka ce mosquée, Turawan Ingila suka ɗauka daga nan. Shi kuwa mosquito ɗan ƙuda yake nufi, daga mosca, ƙuda a Sifaniyanci, wadda ta fito daga Latin. Kama da wane ba wane ba ne. Har yau babban masallacin Kurɗuba, wanda aka fara ginawa zamanin Abdurrahman na ɗaya wajen 785 kuma aka mai da shi coci a 1236, mutanen garin Mezquita suke ce masa, ba kuma da nufin zagi ba.

Batun Makka yana da ɗan abin kamawa, shi ya sa ya samu karɓuwa. Gaskiya ne gwamnatin Saudiyya ta zaɓi rubuta Makkah a takardunta na Turanci tun shekarun 1980, domin ya fi kusa da lafazin Larabci. Gaskiya ne kuma a Turanci ana aron sunan a kira duk wurin da jama'a ke tururuwa zuwa, har wani kamfanin caca a Birtaniya ya ɗauke shi, abin da ya ɓata wa Musulmi da yawa rai. Wanda ya zaɓi Makkah saboda wannan yana da hujjarsa. Gidan giya dai ƙage ne, babu ƙamus ɗin da ya kawo shi. Haka zancen kare. Mohd taƙaitawa ce da Musulmin Malesiya da Indiya suke sa wa a katin shaida da takardun makaranta. Mutum yana iya ƙin ta don ladabi ga sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba sai ya jingina da ma'anar da babu ita ba.

Inda ƙura ta fi tashi shi ne sunan Allah, kuma jita-jitar daga ɓangarori biyu take zuwa. Wasu masu wa'azin Kirista, musamman a Amurka tun shekarun 1990, sun yaɗa cewa sunan wani gunkin wata ne na Larabawan jahiliyya, suna kafa hujja da jinjirin watan da ke saman hasumiyoyi. Masana harsunan yankin ba su yarda da wannan ba. Kalmar 'yar uwar Alaha ce ta Aramaic, harshen da Annabi Isa ya yi magana da shi, da Eloah ta Ibrananci. Jinjirin wata kuwa a zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa ya shahara a matsayin alama, ƙarnoni da yawa bayan zuwan Musulunci. Abin da yake gaskiya shi ne sunan ya riga Musulunci a bakin Larabawa. Shaida tana cikin gida: mahaifin Annabi sunansa Abdullahi.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa wanda ba Musulmi ba bai taɓa amfani da sunan ba sai kwanan nan, don yaudarar mutane. Kiristocin Masar da Lebanon da Siriya da ita suke kiran Ubangiji a cocinsu. Tsibirin Malta, wanda Larabawa suka ci a 870, yau mafi yawan mutanensa 'yan Katolika ne, amma harshensu jikan Larabci ne. Ubangiji a wurinsu Alla ne, azumin kwana arba'in na Kirista suna kiransa Randan, wato Ramadan da ya sha tafiya, bikin Ista kuma suna ce masa Id, ko da yake sun daina furta ainun. A nan gida, Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932 da Allah ya yi amfani, kuma Bahaushen Kirista a Wusasa bai san wani suna da zai maye gurbinsa ba.

A Malesiya maganar har kotu ta je. Hukuma ta hana jaridar Katolika mai suna Herald sa kalmar a shafukanta na harshen Malay. A ƙarshen Disamban 2009 babbar kotu ta ba jaridar gaskiya, aka kai wa wasu coci-coci hari a Janairun 2010, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. A 2021 wata babbar kotu, a shari'ar wata Kirista 'yar jihar Sarawak da aka ƙwace wa faya-fayan addini a filin jirgi, ta ce umarnin hanin da gwamnati ta bayar a 1986 ya saɓa wa doka. Cikin hujjojin da Kiristocin suka riƙa kawowa akwai fassarar Linjilar Matta zuwa Malay da aka buga a 1629, kuma Allah ne a cikinta. Ko Musulmi da Kirista abu ɗaya suke fahimta idan sun ambaci sunan, wannan tambayar malaman aƙida ce, kuma saɓanin sananne ne. Tarihin kalmar dai ba ya ɓuya.

Akwai kuma wata magana da ake zaton ƙari ne alhali gaskiya ce. Idan ɗan Sifaniya ko ɗan Meziko yana fatan wani abu yakan ce ojalá, ɗan Fotugal ya ce oxalá, kuma asalinsu jumlar Larabci ce mai ma'anar idan Allah ya so. Yawancin masu faɗa ba su ma sani ba. Amma cewa ihun olé na filin ƙwallo shi ma daga sunan Allah yake, masana sun rabu a kai, bai kai a riƙa faɗarsa kamar tabbas ba.

Mu dawo kan namu bakin. Wani matashi da ya yi karatun Larabci zai ji tsoho ya ce Ramalan ko alwala, sai ya yi murmushi, a ransa jahilci ne ya ɓata kalmar. A duba da kyau: alƙali, farilla, larura, haila, alwala, dukkansu harafin nan ne mai wuyar furtawa da ke tsakiyar Ramadan ya koma l. Kuskuren mutum ɗaya ba ya bin ƙa'ida haka. Sibawaihi, babban malamin nahawu na ƙarni na 8, ya siffanta harafin da cewa daga gefen harshe yake fita, kuma masana da yawa suna ganin tsohon lafazinsa yana da ƙamshin l. Shi ya sa Sifaniyawa, da suka ari kalmar alƙali, suke kiran shugaban gari alcalde, Malay kuma suka mai da farali perlu. Farisawa da Turkawa da mutanen Pakistan sai suka bi ta z, suka ce Ramazan ko Ramzan. A karatun Alƙur'ani tajwidi ke da iko, wannan daban. A hirar ƙofar gida, Ramalan ɗin tsohon ba abin dariya ba ne.

Kalmomin ma ba duka ne suka zo kai tsaye daga Larabawa ba. Tarihin Kano ya ce Wangarawa daga Mali ne suka kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Masanin harshe Joseph Greenberg ya nuna cewa karatu da rubutu ta hannun Barebari suka shigo, azumi kuwa ana ganin ta biyo ta bakin Abzinawa da danginsu. Liman da ladan da lahira da littafi sun haɗiye al ɗin Larabci ta zama jikinsu. Masallaci kuwa ƙirar gida ce: aka ɗauki salla aka sa mata ma a gaba, kamar yadda aka yi makaranta da majema. Saboda yawan irin waɗannan kalmomin aro, da ranakun mako, da ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in, wasu ke cewa Hausa daga Larabci ta fito. Ba haka ba ne. Hausa tana cikin rukunin harsunan Cadi. Tana da dangantaka mai nisa da Larabci, amma ba 'yarsa ba ce, kuma ruwa da wuta da ci da sha ba aro ba ne.

Sai zaton cewa Musulmin kirki ko'ina da kalmomin Larabci yake kiran ibadarsa. Daga Istanbul zuwa Dhaka, salla namaz ce, kalmar Farisanci da ta riga Musulunci. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lissafin da aka daɗe ana yi, azumi puasa ne, aljanna surga, wuta neraka, duk daga Sanskrit, harshen littattafan Hindu. Mu ma Ubangiji muke cewa, muna tsoron wuta. A Pakistan, zamanin mulkin Janar Ziya'ul Haƙ daga 1977 zuwa 1988, sallamar ban kwana ta Khuda hafiz ta fara ja da baya, Allah hafiz ta hau, domin Khuda Farisanci ne. Masu sabuwar sallamar, idan ladan ya kira, har yau namaz suke cewa za su je.